Littafin Jirgin Ruwa

 Riɗin da a ke aunawa a kasuwar Gadarif, kun san mai yawa daga cikinsa Port Sudan a kan kai shi, a loda a jirgin ruwa. Daga can zuwa Jidda wajen mil 160 ne na teku, mil ɗaya kuwa mita 1,852 ne. To, madugu a tudu yana bin sawu da rijiyoyi. Amma Bahar Maliya ba ta ajiye sawu. Ƙaƙa mai jirgi ya ke sanin inda ya ke?

Da littafi ne. Ma'aikatan jirgi su kan yi tsaro bi da bi, awa huɗu huɗu. Mai tsaro ya kan rubuta lokaci, da inda kamfas ya nuna jirgin ya dosa, da saurinsa, da iska, da halin ruwa.

A dā, ga yadda a kan auna sauri. A ɗaura katako a igiya mai ƙulli ƙulli, tsakanin ƙulli da ƙulli ƙafa 47 da inci 3. A jefa katakon bayan jirgi, a juya kwalbar rairayi mai ƙarewa cikin sakan 28. Ƙulli nawa ya wuce hannu, mil nawa ke nan jirgin ke ci a awa.

Ga misali. In littafi ya ce ƙulli 10, awa 4, arewa maso gabas, ashe an ci mil 40 ta wannan fuska. Sai kyaftin ya sa alama bisa taswira. Amma iska da igiyar ruwa su kan karkatar da jirgi, domin haka da tsakar rana a kan auna tsayin rana, a gyara lissafi.

Wannan ba wasa ba ne, gama akwai duwatsun murjani kwance ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa, kamar na Sanganeb. Wanda ya ƙi rubutun awa ɗaya, ko ya rubuta ƙarya, ya ɓatar da mai karɓarsa.

Yau tauraron ɗan adam ke nuna wa jirgi matsayinsa, duk da haka doka ta wajabta wa manyan jirage ajiye littafin. Na'ura ta kan lalace. In kuwa kaya sun jiƙe a hanya, aka je gaban alƙali, littafin nan shi ne shaida.

Kai mai ciniki, haka littafin bashinka ya ke. Rubuta na yau tun yau, kafin mantuwa ta riga ka.