Yadda Kwamfuta Ke Adana Shaida Idan Ta Durƙushe

Duk abin da kwamfuta ke aiki a kansa yana zaune ne a ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, wadda ke shafewa da zarar an kashe na'urar. Saboda haka idan babbar manhajar Windows ta gamu da kuskuren da ya fi ƙarfinta, har ta nuna shuɗin allo, dole ne ta kwashe abin da ke cikin ma'adanar ta rubuta a faifai kafin ya ɓace, domin a cikinsa ne masana ke gano musabbabin matsalar.

Wahalar ita ce, rubutu a faifai yana bi ne ta hannun direba, wato ƙaramar manhajar da ke isar da umarni tsakanin babbar manhaja da wani sashe na na'ura, kuma mai yiwuwa direban faifan na cikin abin da ya lalace. Shi ya sa tun kwamfuta na tashi Windows ke loda kwafi na biyu na wannan direba, ta maƙala masa dump_ a farkon suna, ta ajiye shi gefe, sannan ta riƙe lissafin guraben da fayil ɗin pagefile.sys ya mamaye a faifai. Idan abin ya auku, sai a tsayar da sauran ayyuka, kwafin nan ya zuba bayanan kai tsaye cikin waɗannan gurabe ba tare da bi ta tsarin fayiloli ba, yana leƙa faifan a kai a kai don ya tabbatar rubutun ya shiga, tunda an riga an toshe hanyar da na'urori ke aiko da sanarwa. Ƙidayar da ke hawa daga 0 zuwa kashi 100 a shuɗin allon wannan aiki take nunawa, kuma babbar asara ce mutum ya danne maɓallin kashewa kafin ta cika. Bayan kwamfutar ta sake tashi ne ake mayar da bayanan cikin fayil ɗin MEMORY.DMP.

Babbar manhajar Linux kuwa tana keɓe wani yanki na ma'adanar tun da farko, inda idan ta durƙushe tsarinta na kdump ke tayar da sabuwar cibiyar manhaja mai lafiya ta kwashe abin da tsohuwar ta bari.

Amfanin wannan tanadi na Windows ya bayyana bayan 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, domin irin waɗannan bayanai ne suka nuna cewa direban kamfanin, csagent.sys, ya nemi karanta wani gurbin ma'adana da ba shi da hurumi a kansa.