Gyaran da ke ƙara ma gida daraja ranar saidawa

Darasinmu na wannan mako a kan gida ne. Kai mai karatu, wataƙila ka ce: ni ban da niyyar saida gidana. To, Allah ya sa haka. Amma rana takan zo. Wani aiki ne ke ɗauke shi daga Maraɗi zuwa Yamai, wani bashi ne ko rashin lafiya, wani kuma rasuwa ya yi magada suka taru za su raba. Ran nan ne ake sanin ko kuɗin da aka zuba ma gida sun zauna ko sun bi ruwa.

Bara wani dattijo daga cikin ɗalibaina na yaƙi da jahilci ya tashi saida gidan gadonsu, don ƙannenshi mata suna son rabonsu. Ya kashe kuɗi mai yawa wajen fenti da ƙofar ƙarfe mai zane. Mai saye ya zo tare da magini. Maginin bai ko dubi fentin ba. Ya ƙwanƙwasa bango da hannu, ya ji yana ƙara kamar ganga. Ya ɗaga kai ya ga tabon yoyo bisa azara. Sannan mai saye ya ce a kawo takarda, sai ga ta da sunan mahaifinsu da ya daɗe da rasuwa. Nan take tayi ya faɗi ƙasa. Dattijon ya ce mani: "Malam, na yi ma gida kwalliya, ashe ciwo gare shi."

Ga abin da nake so ka riƙe: mai saye ba ado yake biya ba, kwanciyar hankali yake biya. Don haka gyara yana da tsari, na farko kafin na biyu.

Na ɗaya: takarda

Gida maras takarda rabin gida ne. A birni, in fili na rabon hukuma ne, ma'aikatar magajin gari ce ke ba da takardar da ake ce ma "acte de cession" da Faransanci. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce "titre foncier", wadda ake rubutawa cikin babban littafin filaye na ƙasa. A karkara kuwa, tun dokar 2 ga Maris 1993 wadda ta kafa tsarin mallakar ƙasa na karkara, akwai kwamitocin filaye da ake kira COFO, na ƙauye, na gunduma da na sama da su. Ta hannunsu ake samun shaidar saye, ta kyauta ko ta gado.

Ɗauko takardarka yau ka karanta. Sunan wa ke ciki? Lambar fili da faɗinshi sun yi daidai da abin da ke ƙasa? In sunan mamaci ne, ku taru ku magada, maza da mata, ku daidaita gaban shaidu da hukuma tun ana shiri. In ba ka iya karatun ba tukuna, kawo ta wurin darasi mu karanta tare.

Na biyu: ruwan sama

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. A watan Satumba na 2024, tsohon masallacin Birnin Zinder, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. In ruwa ya kada irin wannan gini, ina ga ɗakina da naka? Wurare uku za ka duba.

Bisa. Hau soro kafin damina ka share, ka toshe tsaga, ka gyara gangare yadda ruwa ba zai kwana ba. Indararo ya zama dogo, ya zubar da ruwa nesa da bango. Azarar da gara ta ci, cire ta. In rufin kwano ne, bakinshi ya zarce bango, a ɗaure shi da kyau saboda iskar hadari, a sake ƙusoshin da suka yi tsatsa.

Jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka shi ma ruwa. Yaɓe shi ne rigar bango, kuma riga tana tsufa. Kakanninmu suna haɗa ƙasa da ciyawa da ruwan makuba na ɗorawa, suna sabuntawa a kai a kai. Yi hankali da shafa siminti kai tsaye bisa bangon ƙasa. Ƙasa tana kumbura tana motsewa, siminti ba ya yi. Sai su rabu, ruwa ya shiga tsakani ya ɓoye, bango yana ruɓewa ciki kai kana ganin waje sumul. Ƙarar gangar da maginin nan ya ji ke nan. In dole sai siminti, a kafa ragar waya ko ƙananan duwatsu cikin bango su riƙe shi.

Gindi. Nan ne ruwan da ya faɗo ke fantsama, nan ne kuma gishirin ƙasa ke ci. Kare gindin bango da dutse ko birgin siminti kamar rabin mita. Cika ƙasa kewaye da ɗaki ta gangara waje. Buɗe ma ruwan tsakar gida hanya ya fita, amma kada ka tura shi bangon maƙwabci, don rigima da maƙwabci ita ma tana rage kuɗin gida.

Kada ka ji kunyar ginin ƙasa. Masallacin Yama, cikin jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar gini ta Aga Khan a 1986. Tun 1980 kuma, daga Shikal, aka fara koya ma maginan ƙasarmu gini ba itace, mai rufin tuluwa na birgin ƙasa. Ginin ƙasa mai kulawa ya fi na siminti da aka yi ma ha'inci.

Na uku: salga da ruwan sha

Mai saye yakan zo da uwargida, ita kuwa bayan gida da wurin girki take fara dubawa. Salga ta kasance mai daɓen siminti, mai marfi, da bututun fitar da wari wanda aka rufe bakinshi da raga don ƙuda. In akwai rijiya kusa, a bar mita 30 tsakaninsu, salga ta ɓangaren gangare. Ruwan wanka a yi mashi rami mai duwatsu cikin gida, kada ya kwarara titi ya tara sauro. In famfo ya iso unguwarku, shigo da shi. In akwai wutar NIGELEC, wanda ya san aikin ya ja waya, kuma ka aje takardun biya na ruwa da na wuta. Babu mai son sayen gida da bashin wani.

Na huɗu: inuwa da iska

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40. Ɗakin kwano maras rufin ciki tanda ne. Taga biyu masu fuskantar juna sun fi babba guda ɗaya, don iska ta shiga ta fita. Bedi ko mangwaro a tsakar gida gyara ne mai arha wanda ke girma kai kana barci. Sai dai ka dasa nesa da bango da salga saboda saiwa. Katanga tsayayya da ƙofa mai rufuwa su ma suna cikin lissafi.

Na ƙarshe: ado

Bayan waɗannan duka, sannan farar ƙasa ko fenti, da shara. Wannan ba ya cin kuɗi da yawa kuma yana faranta ido. Amma zane mai tsada da daɓe mai walƙiya, son ranka ne. Mai saye yana da nashi son ran, ba zai maida maka kuɗin naka ba.

Akwai kuma abin da gyara ba ya gyarawa, shi ne wuri. A Satumba na 2020 kogin Isa ya kai mita 7 a Yamai, ya fasa madatsa, ya shiga Lamorde da unguwannin da ke kusa. Gidan da ke cikin kwari ko bisa hanyar ƙorama, kowa ya san labarinshi. Kare iyalinka a ciki, amma kada ka zuba dukiyarka duka nan. Haka nan kada ka gina gidan sarki cikin unguwar da mai sayenshi ba zai zo ba.

Aikin gida

Sayi littafi guda, ka rubuta bisa bangonshi: Littafin gida. Duk gyaran da aka yi, rubuta rana, aiki, da kuɗi. Ranar ciniki, dillali yana da baki, kai kana da rubutu.

Ga lissafi don gwaji, misali ne kawai ba farashin kasuwa ba. Yaɓe ya ci jika 40. An sayi indararo 4, kowane jika 3. Salga ta ci jika 90. Nawa aka kashe duka? In kana aje jika 10 kowane wata, wata nawa za ka yi kafin kuɗin su cika?

Ku tattauna kuma tsakaninku: a garinku, wa ke ba da takardar fili? Wane wata ya fi dacewa da yaɓe?

Dattijon nan ya janye gidan daga kasuwa. Shi da ƙannenshi sun je sun gyara takarda, yanzu yana jiran kaka ya kankare simintin ya sake yaɓe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.