Ko Kun Sani?

Ɗaya daga cikin littattafan da masana ke komawa gare su kan rayuwar matan Hausawa hira ce kawai ta wata tsohuwa. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba ta Karo ta zauna da wata mai suna Mary Smith a ƙasar Zazzau tana ba ta labari da Hausa. Ta taɓo harin bayi da zuwan Turawa, amma inda ta fi daɗewa shi ne cikin gida: daka, kaɗi, ƙawance, gudummawar biki, riƙon 'ya'ya, zaman kishiyoyi. Abubuwan da marubuta tarihin sarakuna suka tsallake ke nan. An buga littafin a 1954, bayan rasuwar Baba.