Tartsatsi Ɗaya Tak

Yau za mu dubi wata kalmar Turanci da yaranmu na makaranta sukan tambaye mu ma'anarta, wato "spark". A Hausa tartsatsi ke nan, 'yar ƙwayar wutar da takan tashi sa'ad da maƙeri ya bugi jan ƙarfe, ko mai walda yana aiki a bakin titin Wudil.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Fiye da shekara 1000 da suka wuce mutanen Ingila suna ce mata "spearca", tana kuma da dangi a tsoffin harsunan Holan da arewacin Jamus. Juyin Littafi Mai Tsarki na Turanci na shekarar 1611 ya yi amfani da ita a Ayuba 5:7, inda aka kwatanta wahalar ɗan adam da tashin tartsatsi sama.

Kowane mai babur ya san fulogi. Cikakken sunansa "spark plug", gama shi ne yake ba da tartsatsin da ke kunna fetur da iska a cikin inji. In fulogi ya mutu, ko da tanki cike yake, babur ba zai tashi ba. Turawa sukan kira yaro mai kaifin hankali "bright spark". Da wannan kalma kuma sukan faɗi abin da ya haddasa rigima.

To, ga abin lura. A Sabon Garinmu na Wudil, lokacin hunturu kara da zana sukan bushe sarai, tartsatsi ɗaya daga murhu ko wayar lantarki ya isa ya cinye gida. Muna tunawa da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta ƙone dubban shaguna. Kowace gobara da ƙanƙanta takan fara.

Shi ya sa Yakubu, a sura 3, ya kwatanta harshe da 'yar ƙaramar wuta. Jita-jitar da muka ji a kasuwa ran Juma'a, muka kai gida ba mu bincika ba, tana iya raba maƙwabtan da suka yi shekara 30 suna zaman lafiya. Magana zarar bunu ce. Bari mu kashe murhu kafin mu kwanta, mu kuma auna magana kafin mu faɗe ta. Ubangiji ya taimake mu. Amin.