Takalmin Rage Ƙiba: Ya Cancanci Kuɗinsa?

Yawancin irin wannan takalmi ƙasansa a lanƙwashe yake kamar gindin kwalekwale, mai sanye da shi sai ya riƙa ɗan tangaɗi. Wai tangaɗin ne ke murɗa tsokar ƙafa da ɗuwawu, har kitse ya narke.

A 2010 masu bincike a Jami'ar Wisconsin-La Crosse suka gwada shi da takalmin gudu na yau da kullum, ba su ga wani bambancin kirki ba. Hukumar kasuwanci ta Amurka kuma ta tuhumi kamfanoni da tallan yaudara: Reebok ya amince ya biya dala miliyan 25 a 2011, Skechers miliyan 40 a 2012.

Don rage ƙiba dai, asarar kuɗi ce. Tsoho ko mai raunin idon sawu kuwa ya yi hattara, takalmin yana iya kayar da shi.