Gaskiya ko Jita-jita: Tallafin Karatun Ɗaliban LGBTQ a Amurka

Duk lokacin da aka haɗa maganar dala da maganar LGBTQ, labari kan bazu a WhatsApp da Facebook tun kafin a tambayi tushensa. An ga haka a watan Yulin 2024, sa'ad da aka yi ta yaɗa cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa don ta karɓi dala biliyan 150 bisa sharaɗin amincewa da auren jinsi. Da masu bin diddigi suka karanta takardar, ba su ga wannan sharaɗi a cikinta ba. Irin wannan ƙura ce kan tashi game da tallafin karatu da wasu gidauniyoyi a Amurka ke bai wa ɗalibai masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, waɗanda ake kira LGBTQ a taƙaice.

Gidauniyoyin akwai su, ba ƙage ba ne. Matsayin addini da al'ada da doka a ƙasar Hausa kan wannan al'amari kuwa sananne ne, ba shi muka zo aunawa ba. Abin da za mu duba shi ne wa ke ba da kuɗin, nawa ne, wa ke samu, kuma mene ne dalili.

"Gwamnatin Amurka ce ke raba kuɗin"

Jita-jita ce. Mafi girma a cikin waɗannan gidauniyoyi ita ce Point Foundation, mai hedikwata a Los Angeles, wadda wasu mutum biyu, Bruce Lindstrom da Carl Strickland, suka kafa a 2001 da kuɗin aljihunsu. A Seattle akwai Pride Foundation, wadda aka kafa a 1985, tana aiki a jihohi biyar: Alaska da Idaho da Montana da Oregon da Washington. Akwai PFLAG, ƙungiyar iyaye da dangi da wata malamar makaranta, Jeanne Manford, ta fara a New York a 1973, wadda wasu rassanta kan ba da ɗan tallafi ga ɗaliban yankinsu. A jihar Iowa kuma gidauniyar Eychaner tana ba da tallafi da sunan Matthew Shepard, ɗalibin Jami'ar Wyoming da aka yi wa kisan gilla a 1998.

Dukkansu ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ba riba suke nema ba. Gudummawar jama'a da ta kamfanoni da wasiyyar waɗanda suka mutu suka bar dukiya, su ne tushen kuɗinsu. Inda gwamnati ta shigo shi ne haraji: dokar Amurka tana yafe wa irin waɗannan ƙungiyoyi haraji, tana kuma rage wa mai ba su gudummawa nasa. Amma wannan rangwame ne da masallatai da majami'u da gidajen marayu ma suke mora.

Ba kuma baƙon abu ba ne a can a ce kowace al'umma ta tara wa 'ya'yanta kuɗin karatu. Baƙaƙen fata suna da UNCF tun 1944, 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka suna da Hispanic Scholarship Fund tun 1975, Musulmi ma suna da Islamic Scholarship Fund tun 2009, mai tallafa wa masu karatun jarida da shari'a da harkar fim da siyasa. A ɓangaren gwamnati kuwa, wasu jihohi baya ma suke ja. Dokar da ta fara aiki a Texas a Janairun 2024 ta haramta wa jami'o'in jiha riƙe ofisoshin kula da bambancin jinsi da launin fata, abin da ya sa Jami'ar Houston ta rufe cibiyarta ta ɗaliban LGBTQ tun kafin wa'adin ya cika.

"Da ka ce kai ɗan LGBTQ ne, shi ke nan an biya maka karatu"

Wannan ma jita-jita ce. Gasa ake yi, masu nema sun ninka masu samu nesa ba kusa ba. Rukunin farko da Point ta ɗauka a 2002 ɗalibai takwas ne kacal. Yau adadin ya kai ɗaruruwa a shekara, amma a ƙasar da ɗaliban manyan makarantu suka haura miliyan 18. Ana duba sakamakon jarrabawa, da halin rashi, da irin hidimar da mutum ya yi wa jama'a, a nemi ya yi rubutu game da kansa, a kuma nemi shaidar malamansa.

Wanda ya samu ma bai tsira daga ɗawainiya ba. Alƙaluman ƙungiyar College Board na zangon 2024 zuwa 2025 sun nuna matsakaicin kuɗin makaranta a jami'ar jiha, ga ɗan jihar, ya kai kusan dala 11,600 a shekara. A jami'a mai zaman kanta ya haura dala 43,000. Ba a sa kuɗin ɗaki da abinci da littattafai ba. Galibin tallafin da waɗannan ƙungiyoyi ke bayarwa 'yan dubban daloli ne, wani ma bai wuce dubu ɗaya ko biyu ba. Cikon giɓi ne, sauran sai ɗalibi ya haɗa da rance da aikin bayan lacca.

"Ba su da wata matsala ta daban, gata kawai ake yi musu"

A nan akwai gaskiya, akwai kuma kuskure, shi ya sa ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Ɓangaren gaskiyar shi ne, ba kowane ɗan LGBTQ ne ke baya a ilimi ba. Binciken da masanin zamantakewa Joel Mittleman ya wallafa a 2022 ya gano cewa kusan kashi 52 cikin 100 na maza masu neman maza a Amurka suna da digirin farko, alhali a tsakanin manya baki ɗaya adadin kusan kashi 36 ne. Wanda ya ce duk cikinsu marasa galihu ne, bai faɗi daidai ba.

Kuskuren yana wajen zaton cewa duk halinsu ɗaya. Cibiyar Williams ta Jami'ar UCLA ta ruwaito a 2019 cewa kusan kashi 22 cikin 100 na 'yan LGBT suna cikin talauci, na sauran jama'a kuwa kusan kashi 16, sannan a tsakanin masu sauya jinsi adadin ya kai kusan kashi 29. Binciken Chapin Hall na Jami'ar Chicago a 2017 ya nuna hatsarin rasa matsuguni a tsakanin matasan LGBT ya ninka na sauran matasa fiye da sau biyu, kuma saɓani da iyaye na cikin manyan dalilai.

Yadda wannan saɓani yake komawa matsalar kuɗin makaranta shi ne ainihin abin da ya haifar da gidauniyoyin. A Amurka, mai neman tallafin gwamnatin tarayya sai ya cika wani fom da ake kira FAFSA. Fom ɗin ba ya tambayar wanda mutum yake so. Abin da yake tambaya shi ne kuɗin shigar iyaye, domin doka tana ɗaukar ɗalibin da bai kai shekara 24 ba a matsayin wanda ke ƙarƙashin iyayensa, sai dai idan ya yi aure, ko yana da 'ya'yan da yake ciyarwa, ko ya yi aikin soja, ko maraya ne, ko makamancin haka.

To, a ɗauka ga yarinya 'yar shekara 19, ta samu gurbi a jami'a, amma mahaifinta ya ce tun da ta bayyana abin da take ciki, babu shi babu ita. Ta buɗe fom, ta zo wurin da ake so iyaye su shigar da bayanan harajinsu, babu mai shigarwa. Ƙin cikawar iyaye kaɗai bai isa a ɗauke ta a matsayin mai cin gashin kanta ba. Idan a nan maganar ta tsaya, abin da za ta iya samu shi ne rancen da ruwa ke hawa kansa tun tana aji, wanda a shekarar farko ba ya wuce dala 5,500. Tallafin Pell, wanda ba a biya kuma yana kaiwa dala 7,395 a shekara, ya wuce ta. Mafita ita ce ta tabbatar wa ofishin tallafi na jami'ar cewa yasar da ita aka yi ko komawa gida hatsari ne gare ta, ta kawo wasiƙar malami ko ta ma'aikacin jin daɗin jama'a ko ta malamin addini ko takardar kotu. Gyaran da ya fara aiki a zangon 2024 zuwa 2025 ya ba irinta damar miƙa fom ɗin ba tare da iyaye ba kafin a tantance, amma kawo shaidar yana nan a wuyanta.

Haka nan da yawa daga cikin ɗaliban LGBTQ kan bar garinsu su tafi karatu nesa don neman inda za su sake, nesa kuwa tsada ce, domin a jami'ar jiha baƙo yana biyan fiye da ninki biyu na ɗan gida. Binciken da Cibiyar Williams ta yi tare da Point ya nuna sama da kashi ɗaya cikin uku na 'yan LGBTQ masu shekara 18 zuwa 40 suna ɗauke da bashin karatu na gwamnatin tarayya, sauran jama'a kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

"Tarko ne, da kuɗi ake jan yara su shiga"

Babu hujjar da ke nuna haka. Masu neman tallafin sun riga sun gama sakandare ko suna daf da gamawa, kuma tarihin da suka zo da shi ake dubawa. Wasu ƙungiyoyin, kamar wasu rassan PFLAG, suna bai wa har ɗaliban da ba 'yan LGBTQ ba ne, matuƙar suna mara wa 'yan uwansu ko abokansu baya.

Sai dai akwai ƙwayar gaskiya da bai kamata a ɓoye ba: gidauniyoyin suna da manufa, ba sa kuma musun ta. Point tana faɗa a fili cewa shugabannin gobe take son yayewa, lauyoyi da likitoci da 'yan siyasa da za su tsaya wa al'ummarsu. Mutum yana iya ƙin wannan manufa, amma a bayyane take, ba a ɓoye ba.

"Maganar jagora ado ce, kuɗin ne kawai ke da amfani"

Jita-jita ce, kuma a nan ne masu kallo daga nesa suka fi kuskure. A babban shirinta, Point tana haɗa ɗalibi da wani babba da ya ƙware a fannin da yake karanta: mai karatun likita da likita, mai karatun shari'a da lauya. Shi zai duba masa takardar neman aiki, ya nuna masa inda ake samun gurbin koyon aiki lokacin hutu, ya gabatar da shi ga mutanensa. Ana kuma son ɗalibin ya gudanar da wani aikin hidimar jama'a, ya halarci tarukan horon shugabanci.

Bahaushe ya san wannan aiki, shi ne wanda kawu ko yaya yake yi wa yaron da ya shigo birni neman sana'a. Wanda danginsa suka juya masa baya, ba kuɗi kaɗai ya rasa ba, har da mai cewa bi nan, kada ka bi can. Tasirin abin ya wuce neman aiki. Ƙungiyar Trevor Project, mai kula da layin agajin gaggawa tun 1998, ta ruwaito a 2019 cewa matasan LGBTQ da suke da ko da babba ɗaya da ya karɓe su, yiwuwar su yi yunƙurin kashe kansu ta ragu da kashi 40 cikin 100.

"Hanya ce mai sauƙi ta samun bizar Amurka"

Wannan ce jita-jitar da ta fi hatsari ga matasanmu. Gidauniya ba ta ba da biza, ba ta kuma ba da gurbin karatu. Sharaɗin Point shi ne mutum ya kasance yana karatu, ko zai fara, a makarantar da aka amince da ita a cikin Amurka. Bizar ɗalibi, wato F-1, tana buƙatar takardar I-20 daga makaranta, da shaidar cewa akwai kuɗin shekarar farko, da ganawa da jami'in ofishin jakadanci. Neman mafaka kuma wani babi ne daban, mai nasa bincike da kotuna. Wanda aka kama ya yi ƙarya don samun biza yana iya rasa damar shiga ƙasar har abada. A gida kuma, dokar Najeriya ta Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi da shekara 10 kan shiga ko tallafa wa ƙungiyoyinsu, don haka takardar bogi da wani dillali ya rubuta da sunan mutum tana iya zame masa ƙarfen ƙafa.

Ita ma kishiyar wannan magana, cewa ba a samun tallafin karatu a Turai ko Amurka sai an amince da auren jinsi, ba gaskiya ba ce. Shirin tallafin Fulbright na Amurka, wanda aka fara a 1946, da Chevening na Birtaniya, wanda aka fara a 1983, sun ɗauki ɗaliban arewacin Najeriya, maza da mata, bisa sakamako da ƙwarewar aiki da manufar da suka rubuta. Babu wannan sharaɗi a ƙa'idojinsu. Uban da ya hana 'yarsa nema saboda wannan jita-jita, asara ya jawo mata a banza.

Tantance irin waɗannan labarai ba wuya. Yawancin ƙungiyoyin agaji masu rajista a Amurka dole ne su miƙa wa hukumar haraji ta IRS rahoton shekara da ake kira fom 990, wanda kowa zai iya karantawa a intanet ya ga abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da albashin shugabanni. Ƙa'idojin nema suna rubuce a shafinsu, kuma gidauniyar gaskiya ba ta karɓar kuɗin fom. Duk wanda ya ce a tura masa naira dubu kaza zai sa suna a jerin masu cin tallafi, ko na LGBTQ ne ko na waninsa, ɗan damfara ne, kada a ba shi ko sisi.