Zakariyan da Aka Kashe a Haikali Ba Shi Ne Mahaifin Yahaya Ba

Akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan mutane da yawa, Musulmi da Kirista, cewa duk inda aka ambaci Zakariya a tsofaffin littattafai mutum ɗaya ake nufi: dattijon nan da ya riƙe Nana Maryamu, wanda Allah Ya ba shi Yahaya a tsufansa. Daga nan sai a tattara komai a kansa. A ce shi ne mai littafin Zakariya da ke cikin Tsohon Alkawari, shi aka kashe a farfajiyar Haikali, kuma shi ne ya shiga cikin itaciya aka tsaga shi da zarto. Masu faɗin haka suna da hujjarsu: suna ɗaya ne, gari ɗaya ne wato Ƙudus, kusan dukansu mutanen Haikali ne, kuma daga bakin malamai da iyaye suka ji. Ina ganin uzurinsu, amma zancen bai tsaya ba.

Zakariya suna ne na Ibraniyawa da ya yi yawa ƙwarai. A cikin Littafi Mai Tsarki kaɗai mutum wajen 30 ne ke amsa shi. Har sarki akwai: Zakariya ɗan Yerobowam na biyu, wanda ya mulki Isra'ila wata shida kacal kafin Shallum ya kashe shi. Mu nan ba mu taɓa cewa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, da ya hau a 1837, shi ne Abubakar na uku da ya hau a 1938 ba, ko da yake suna ɗaya ne kuma gida ɗaya. Sunan uba da zamani su ke raba mana gardama, kuma su za su raba ta a nan.

Mai littafin shi ne Zakariya ɗan Berekiya ɗan Iddo. Littafin da kansa ya faɗi lokacinsa: shekara ta biyu ta mulkin Dariyus, sarkin Farisa, wato 520 kafin haihuwar Annabi Isa. A lokacin Yahudawa sun dawo daga bautar Babila, Haikalin da Nebukadnezzar ya rusa yana kwance, shi da Haggai kuma suna zaburar da jama'a su kammala gini. Mahaifin Yahaya kuwa, mijin Alisabatu, ya yi hidima a zamanin Hirudus kamar yadda Luka ya ruwaito, kuma Alƙur'ani ya sa shi a zamanin Maryamu. Tsakaninsu akwai shekara kusan 500. Ɗaya ya yi kira a gina, ɗaya ya tarar da gini ya tsufa har ana sabunta shi.

Wanda aka kashe a farfajiya ya ma fi tsufa. Littafin Tarihi na Biyu, sura ta 24, ya kira shi Zakariya ɗan Yehoyada. Yehoyada da matarsa su suka ɓoye Yowash yana jariri, daga baya Yehoyada ya ɗora shi a kan karaga. Bayan rasuwar dattijon, sarki ya karkata zuwa gumaka, ɗan ya tsawata wa jama'a, sarki ya sa aka jajjefe shi da duwatsu. Wannan ya faru wajen shekara 800 kafin Annabi Isa, a Haikalin farko na Annabi Sulaiman.

To ta ina ruɗanin ya shigo? A nan ne ya kamata a yi wa masu wancan ra'ayi adalci sosai, domin matsalar tsohuwa ce. Matiyu 23:35 ya ambaci Zakariyan da aka kashe tsakanin Haikali da bagade, ya kuma kira shi ɗan Berekiya, alhali siffar kisan ta ɗan Yehoyada ce. Luka, a wurin da ya kawo zancen, bai ambaci uba ba. Tun ƙarni na huɗu malamin nan Jerom ya lura da wannan, har ya ce a wata bisharar da Nazarawa ke karantawa ɗan Yehoyada aka rubuta. Kafin shi, wani littafi na ƙarni na biyu da ake jingina wa Yaƙub, wanda bai shiga Sabon Alkawari ba, ya riga ya ba da labarin cewa mutanen Hirudus sun kashe mahaifin Yahaya a Haikali. Labarin ya yi farin jini, ya bi coci-coci, amma Bisharu huɗun ba su faɗi yadda mutumin ya rasu ba.

Saura zarto, wanda shi ya fi shahara a wa'azinmu, kuma na san cire shi yana da ciwo don yana sa ƙwalla. Alƙur'ani ya ambaci Annabi Zakariya sau 7, a Ali Imrana da An'am da Maryam da Anbiya'i. Ya kawo addu'arsa, da bushara, da kwana ukun da bai yi wa mutane magana ba. Muslim ya ruwaito cewa kafinta ne. Babu itaciya ko zarto a cikin ayoyin nan. Ibn Kasir ya kawo labarin daga Wahb ɗan Munabbih, masanin labaran Bani Isra'ila, sannan ya kawo ruwaya ta biyu daga Wahb ɗin dai, mai cewa wanda itaciya ta buɗe masa Sha'aya ne, Zakariya kuwa mutuwar Allah ya yi. Ruwaya ta biyun ce ta dace da abin da ke hannun Yahudawa: a Talmud, wanda ya ɓuya cikin itacen al'ul aka tsaga shi Ishaya ne, wato Sha'aya, a mulkin Manassa, kusan shekara 700 kafin a haifi Yahaya.